Me ya sa kwamfutar kumbo da ta jirgin yaƙi ba su kai wayar hannu gudu ba?

Sani_Wadata:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin lantarki da na jiragen sama da ke wannan zaure. Sana'ata gyaran waya ce a kasuwar Wadata, a nan Yamai, saboda haka na san abin da ke cikin wayoyin da mutane ke riƙewa. An tabbatar mini cewa kwamfutar da ke cikin motar binciken nan ta Amurka mai suna Perseverance, wadda ta sauka a duniyar Mars a watan Fabrairun 2021, gudunta megahaz 200 ne kawai, ma'ajiyar aikinta kuma megabayit 256. Wayar da ta fi kowace araha a kan teburina ta ninka wannan sau da yawa. An kuma ce haka abin yake a jiragen yaƙi da dama. A ganina ɗayan biyu ne: ko dai ana ɓoye ainihin abin da ke ciki saboda sirrin soja, ko kuma kamfanoni ne ke sayar wa gwamnatoci tsohon kaya da kuɗin sabo. Wanda ya san gaskiyar lamarin ya taimaka ya fahimtar da ni.

Mushe_Harouna:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Alƙaluman da aka ba ka daidai ne, kuma babu abin da aka ɓoye. Sunan wannan kwamfuta RAD750, kamfanin BAE Systems ne ke ƙera ta, kuma an gina ta ne a kan tsarin furosesar PowerPC 750 (furosesa ita ce cip ɗin da ke yin lissafi a kwamfuta), irin wadda Apple ya sa a kwamfutarsa ta iMac a 1998. Ita ce a cikin motar bincike Curiosity da ta sauka a Mars a 2012, ita ce kuma a cikin madubin hangen taurari na James Webb. Abin da ya sa ba a ɗauki ta waya ba shi ne, a bayan sararin da ke kewaye da ƙasa akwai ƙananan ƙwayoyin zarra masu matuƙar gudu da ke fitowa daga rana da sauran taurari. Mu a nan iska da maganaɗisun ƙasa suna kare mu daga mafi yawansu. A can kuwa ƙwaya guda tana iya ratsa tiransista, wato ɗan ƙaramin makunnin lantarki da ke cikin cip, ta juya sifili ya koma ɗaya, ko ta haddasa gajeriyar hanyar wuta da za ta ƙona cip ɗin baki ɗaya. Don haka ake ƙera RAD750 da manyan tiransistoci da tsari na musamman, ta yadda za ta jure wannan duka, ta kuma yi aiki daga sanyin digiri 55 ƙasa da sifili har zuwa zafin digiri 125. Wannan juriyar ce ake biyan kuɗinta, kuma ita ce ke rage mata gudu.

Ɗan_Ader:
Mushe, na gamsu da bayanin sararin samaniya, amma bai amsa rabin tambayar Sani ba. Jirgin yaƙi ai a cikin iska yake tashi, ba ya zuwa Mars. Me zai hana a sa masa sabuwar furosesa duk shekara?

Injiniya_Ramatou:
Ɗan_Ader, tambayarka tana kan hanya. Da farko, ko a tsayin da jirage ke tashi waɗannan ƙwayoyi sun fi yawa a kan yadda suke a ƙasa, sai dai ba wannan ne babban dalili ba. Babban dalili shi ne kwamfutar jirgi ba a auna ta da yawan aikin da za ta iya yi, ana auna ta ne da tabbacin cewa za ta gama kowane lissafi a cikin lokacin da aka yanka mata, kowane karo, ba tare da ta makara ko sau ɗaya ba. Waya tana iya tsayawa na rabin daƙiƙa mai ita bai ma lura ba. Jirgin F-16, wanda ya fara tashi a 1974, da gangan aka ƙera shi ba ya daidaita kansa a iska, domin ya iya juyawa da sauri a fagen daga. Hannun matuƙi ba ya haɗe da fikafikai ta igiya ko sanda. Motsinsa saƙon lantarki ne da ke zuwa ga na'urar sarrafa tashi, ita ce ke gyara zaman jirgin sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. Idan ta yi jinkirin da waya ke yi, jirgin ya kuɓuce.

Sababbin furosesoshi suna da dabarun hanzari masu yawa, suna hasashen umarnin da zai biyo baya, suna raba aiki tsakanin ƙwaƙwale da dama, kuma wannan ne ke sa a kasa cewa tabbas aiki kaza zai ɗauki lokaci kaza. Injiniyan jirgi ya fi son tsohuwar da ya san halinta ciki da waje. Ƙari a kan haka, duk lokacin da aka canza furosesa sai an sake gwada manhajar gaba ɗaya, a ƙasa da kuma a sama, abin da ke cin shekaru. Jirgi kuma ana ƙera shi ne don ya yi aiki na shekara talatin ko arba'in.

Bachir_Lazaret:
Allah ya ƙara basira, Injiniya. Ina so in ƙara misali guda da ke goyon bayanki. Hanyar da na'urorin cikin jirgin yaƙi ke magana da juna, wadda ake kira MIL-STD-1553, an fitar da ita ne a 1973, kuma gudunta megabit ɗaya ne a daƙiƙa. Na'ura guda ce ke ba kowa izinin magana, ba wanda ke tsoma baki sai an kira shi, kuma wayoyin biyu ne don idan ɗaya ta tsinke ɗaya ta ɗauka. Har yau ana amfani da ita a jiragen yaƙi da taurarin ɗan Adam.

Sani_Wadata:
Na gode, Yaya Ramatou, na gode Malam Bachir. Batun zafi na gane shi sosai, domin a watan Afrilu da Mayu wayoyi da yawa da ake kawo mini ba abin da ya same su illa rana. Batir ya kumbura, ko dalma ta saki a ƙarƙashin cip. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta a kan batun kuɗi ba. An ce allon RAD750 guda ya haura dala dubu 200.

Mushe_Harouna:
Haka ne, Malam Sani, kuma akwai dalili. Cip ɗin waya ana buga miliyoyinsa, kuɗin bincike ya rabu a kan kowa. Wannan kuwa ƴan ɗaruruwa ake yi, kuma kowane rukuni sai an kai samfurinsa ɗakin gwaji an harbe shi da ƙwayoyin zarra, an girgiza shi, an dafa shi an daskarar da shi. Ba na musun cewa akwai cin riba mai yawa a cinikin makamai. Sai dai a kan wannan allo, tsadar tana da tushe.

Alhaji_TsohonSoja:
Ƴaƴana, ku bar ni in sa baki ko da ni ba mai karatun lantarki ba ne. Abin da na gani a rayuwar bariki shi ne kayan da suka fi daɗewa suna aiki su ne waɗanda makanikinmu zai iya buɗewa ya gane. Jirgin Su-25 irin wanda ƙasarmu ke da shi, Rashawa sun ƙera shi tun zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma sandunan ƙarfe ne ke kai motsin hannun matuƙi zuwa fikafikai. Yana sauka a fili maras kyau, yana shan ƙura, yana tashi. Ni tsoron da nake yi wa jirgin da kwamfuta ke riƙe da ransa shi ne ranar da za ta rikice a sama, matuƙi yana ji yana gani ba abin da zai iya yi.

Injiniya_Ramatou:
Baba Alhaji, Allah ya ja kwana. Tsoron da ka ambata shi ne ainihin abin da masu ƙera waɗannan na'urori suka fi ɓata lokaci a kansa, kuma maganin da suka samo shi ne kada a dogara da kwamfuta guda. F-16 hanyoyi huɗu ne da shi masu yin lissafi iri ɗaya. Kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wato Space Shuttle, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, kwamfutoci biyar ne a cikinsa ƙirar IBM AP-101, dangin waɗanda aka sa a jiragen B-52 da B-1B. Huɗu suna gudanar da manhaja guda, suna kwatanta amsoshinsu a kai a kai, kuma idan ɗaya ta saɓa wa sauran sai a yi watsi da maganarta. Ta biyar kuwa manhajarta daban ce, wani kamfani daban ne ya rubuta ta, tana sauraron komai tana jira ko za a buƙace ta.

Ɗan_Ader:
Wannan ta biyar ɗin ban gane amfaninta ba. Idan huɗu sun yarda da juna, ai magana ta ƙare.

Ɗalibi_Fizik_UAM:
Yaya Ɗan_Ader, ba ta ƙare ba, kuma abin da ya faru da rokar Turai Ariane 5 ya nuna haka. Ranar 4 ga Yunin 1996 aka harba ta karon farko daga Kourou, a yankin Guiana na Faransa da ke Kudancin Amurka, kuma ba ta wuce daƙiƙa 40 ba ta tarwatse da taurarin bincike huɗu da ta ɗauko. Na'urorin sanin alkibla biyu ne a cikinta, ɗaya tana aiki ɗaya tana jiran ko-ta-kwana, amma manhajarsu guda ce, an ɗauko ta daga tsohuwar roka Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a kwance, sai wani adadi ya yi girman da ya kasa shiga gurbin bit 16 da aka tanadar masa. Dukkansu biyu suka tsaya kusan a lokaci guda, saboda dalili guda. Kwamitin binciken da Jacques-Louis Lions ya jagoranta ya gano cewa sashen manhajar da ya jawo wannan ba shi ma da wani aiki bayan roka ta bar ƙasa. Shaidu huɗu da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya, a gaban alƙali shaida ɗaya ce. Amfanin ta biyar shi ne ba ta ji daga wannan bakin ba.

Mushe_Harouna:
Madalla da wannan bayani, ɗana. Zan ƙara cewa haɗa kwamfutoci da yawa shi ma yana da nasa ciwon kai. Tashin farko na kumbon Amurka da Injiniya Ramatou ta ambata an shirya shi ne ranar 10 ga Afrilun 1981, aka ɗage zuwa 12 ga wata saboda lokacin kwamfuta ta biyar bai daidaita da na sauran huɗun ba.

Bachir_Lazaret:
Ni ina ganin Baba Alhaji yana da hujja fiye da yadda aka amsa masa. A Fabrairun 2008 jirgin B-2 ya faɗi yana tashi daga sansanin Andersen a tsibirin Guam. Kwamfutocinsa lafiyarsu lau, manhajar ma ta yi abin da aka rubuta mata. Laima ce ta shiga wasu daga cikin na'urorin da ke auna iska a jikin jirgin, suka ba da bayanin ƙarya, kwamfuta ta ɗaga hancin jirgin fiye da kima. Matuƙan biyu sun tsira da lema, jirgin da ya haura dala biliyan ɗaya kuma ya ƙone. Shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2007, jiragen F-22 da suka tashi daga Hawaii za su Okinawa sun rasa na'urorin sanin hanya da wani ɓangare na sadarwa a daidai lokacin da suka ƙetare layin da kwanan wata ke canzawa a tekun Pasifik, sai da suka bi jiragen da ke ba su mai suka koma. Idan laima ta iya yin haka, ina tambayar kaina abin da ƙurar hunturu ke yi wa ƙananan ramukan na'urorin auna iska a filayenmu.

Injiniya_Ramatou:
Malam Bachir, a kan ƙura ka faɗi gaskiya, shi ya sa ake rufe bututun auna iska da murfi duk lokacin da jirgi ke ajiye, kuma cire murfin yana cikin abubuwan da ake dubawa kafin tashi. Amma ka lura cewa a labarin F-22 na'urar da ke riƙe da fikafikai ba ta tsaya ba, jiragen sun ci gaba da tashi sun sauka lafiya. An raba ayyukan ne da gangan domin rikicewar sashe guda kada ta kai ga wanda rai ya rataya a kansa.

Hajiya_Zeinabou:
Ina karanta ku tun farko, kuma abin da ya fi damuna bai shafi Mars ba. Ƙasarmu ta sayi jirage marasa matuƙi ƙirar Bayraktar TB2 daga Turkiyya, kafin nan kuma Amurkawa sun yi shekaru suna tashin MQ-9 daga Agadas har zuwa ficewarsu a 2024. Irin waɗannan jirage kwamfuta ce gaba ɗayansu. Ita ke tashi da su, ita ke sauke su, kuma idan sadarwa ta yanke ita ke bin hanyar da aka tsara mata ta dawo gida. Tambayata ita ce, wa ke da ikon buɗe wannan manhaja ya karanta? Idan mai sayarwa ne kaɗai, to ko an biya kuɗin jirgi, wani ɓangare nasa yana hannun wanda ya ƙera shi. Ina son in ga yaranmu na jami'ar Abdou Moumouni da ta Tawa suna koyon rubuta irin wannan manhaja, ko da a kan ƙananan jirage na feshin gona da auna filaye za a fara.

Alhaji_TsohonSoja:
Hajiya, kin taɓa inda yake mini ƙaiƙayi. Abin da nake nufi ke nan tun ɗazu.

Ɗalibi_Fizik_UAM:
Inna Hajiya, akwai tushen da za a gina a kai. A nan Yamai makarantar EAMAC tana horar da masu kula da na'urorin lantarki na filayen jiragen sama daga ƙasashen Afirka da yawa, cibiyar AGRHYMET kuma tun 1974 take, tana aiki da hotunan tauraron ɗan Adam don hasashen damina. Abin da ya yi ƙaranci shi ne koyar da manhajar da ke aiki a ƙayyadadden lokaci. Akwai kuma wani shinge: Amurka tana taƙaita fitar da cip masu jure ƙwayoyin zarra, tana lissafa su cikin kayan da ke da alaƙa da tsaro, don haka ko da kuɗi a hannu ba kowace ƙasa ke samun su ba.

Sani_Wadata:
Maganar Hajiya mai nauyi ce, amma ku yi haƙuri in dawo da mu kan tambayata, domin wani abokin aikina ya nuna mini abin da ya sake rikita ni. Ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da Perseverance ta ɗauka zuwa Mars, mai suna Ingenuity, furosesar waya ce a cikinsa, Snapdragon 801, irin wadda ke cikin Samsung Galaxy S5. Wannan kam na sha riƙe ta a hannuna. An shirya zai tashi sau 5, ya tashi sau 72, kuma abin da ya tsayar da shi a Janairun 2024 karyewar farfela ce, cip ɗin bai mutu ba. To ina batun cewa kayan waya ba sa jurewa?

Mushe_Harouna:
Malam Sani, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma masana da kansu sun ɗauke ta da muhimmanci. Amma a duba yanayin. Ingenuity gwaji ne, nauyinsa bai kai kilo 2 ba, kuma da ya mutu ranar farko aikin Perseverance ba zai tsaya ba. An ɗauki cip ɗin waya ne domin jirgin yana buƙatar sarrafa hotunan ƙasa da sauri don ya san inda yake, abin da RAD750 ba za ta iya ba, ga shi kuma ta yi masa nauyi. Duk da haka ba a bar ran jirgin a hannun Snapdragon kaɗai ba, akwai ƙananan na'urori biyu masu juriya da ke riƙe da sarrafa tashi. Kowane tashi kuma daƙiƙoƙi ne zuwa ƴan mintoci, idan cip ya rikice ana iya kashe shi a kunna.

Injiniya_Ramatou:
A nan ni ina ɗan saɓa wa Mushe, tare da girmamawa. Ina ganin abin da Sani ya hango shi ne inda aka dosa. Kamfanin SpaceX yana tuƙa rokar Falcon 9 da furosesoshin kasuwa na yau da kullum, guda uku suna kwatanta amsa, a kan tsarin Linux. Sun zaɓi su bar kuskure ya faru su kama shi, maimakon su biya kuɗin cip ɗin da ba ya kuskure. Ga tafiya kusa da ƙasa, inda maganaɗisunta ke ba da kariya, wannan ya yi aiki sosai. Inda nake tare da Mushe shi ne tafiya mai nisa ta shekaru, musamman wajen duniyar Jupiter inda ƙwayoyin suka fi tsanani.

Ɗan_Ader:
Ke nan ba gudu ne ma'auni ba, ba kuma tsufa ba ne. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwamfutar Apollo da ta sauke mutane a wata a Yulin 1969. Kalmomi 2,048 ne ma'ajiyar aikinta, manhajar kuma mata ne suka saƙa ta da hannu a masana'antar Raytheon, suna zura waya ta cikin zoben maganaɗisu ko ta gefensa. Ana cikin sauka ta fara nuna gargaɗin 1202 da 1201 domin wata na'urar rada tana cinye mata lokaci. Ba ta tsaya ba. Ta zubar da ayyukan da ba su zama dole ba, ta riƙe na sauka, domin haka ne ƙungiyar jami'ar MIT ta Amurka, wadda Margaret Hamilton ke jagorantar sashen manhajarta, ta tsara ta. Wannan dabarar ba ta buƙatar cip mai tsada, kuma ita ce irin abin da Hajiya ke cewa a koya wa yara.

Bachir_Lazaret:
Kada a manta da kumbon bincike Voyager 1, wanda aka harba a Satumban 1977. A Nuwamban 2023 ya fara aiko da saƙon da ba shi da ma'ana saboda cip guda na ma'ajiya ya lalace. Yana nesa da mu fiye da kilomita biliyan 24, saƙo yana ɗaukar sama da awa 22 kafin ya isa, amsa ma haka. Injiniyoyi suka rarraba manhajar da ke kan mataccen cip ɗin zuwa wasu gurabe, kuma a Afrilun 2024 ya dawo yana magana. Sun iya haka ne domin na'urar ƙarama ce har mutum zai iya sanin abin da ke kowane gurbi nata. Ban ga yadda za a yi wa cip ɗin waya irin wannan gyara daga nesa ba.

Sani_Wadata:
Na janye zargin ɓoye sirri, domin duk abin da kuka kawo a fili yake. Zargin tsada kuwa ban janye shi duka ba, tun da Yaya Ramatou da kanta ta nuna cewa akwai masu yin aikin da kayan kasuwa. Malam Bachir, a kan gyara daga nesa ban yarda da kai ba. Wayoyi ma ana sabunta manhajarsu ta intanet kullum.

Bachir_Lazaret:
Ana sabunta su, Malam Sani, amma idan sabuntawar ta lalace wurinka ake kawo su. Curiosity da kwamfutarta ta farko ta samu matsalar ma'ajiya a 2013, ta biyu ce ta karɓi aiki har aka gano abin da ya faru.

Hajiya_Zeinabou:
Ramatou, ƴata, ke da ke cikin harkar, idan ɗalibi yana so ya fara koyon wannan aiki a nan gida, wane irin allo zai saya, kuma ana samunsa a Yamai ko sai an yi saƙo daga waje? Akwai yara biyu a gidanmu da suka gama lise bana, kuma ina so in ba su abin da za su taɓa da hannu kafin a koma karatu.